Ɓarakar da Tela Ya Ɗinke

Gidan Tela a saman gangare yake, ɗakin Yayarsa a ƙasa. Tsakaninsu wani fili ne da mahaifinsu ya bari, babu komai a kansa sai tsakuwa da ledojin da iska ke kwasowa. Duk damina ruwa yakan zubo daga rufin gidajen sama, ya tsaga filin nan da gudu, ya bi ta gefen ɗakin Yaya ya faɗa kwatar titi, ja wur da shi. Damina na wucewa kuma famfo ya ƙafe, kowa ya ɗauki jarka. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Tela rai.

Shi mutum ne da ba ya zubar da komai. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ma yana da buhunsa a ƙarƙashin teburin yanka, kuma buhunan sun yi yawa har matarsa takan ce wata rana su za su kore su daga gidan. Ba daga sama ya samo halin ba. Yaya ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a lokacin idan ya ɗebo ruwa ya bari ya fantsama a hanya, tun kafin ya sauke bokiti ranƙwashi ya sauka a kansa. Yanzu ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, da ƙyar take zagaya ɗakinta da sanda. Sun yi da ita ta dawo sama ta zauna da su, ta ce atafau. Marigayi mijinta ne ya gina ɗakin nan da hannunsa, bulo bayan bulo, duk yammar da ya taso daga aiki, kuma ba ta ga abin da zai fitar da ita daga ciki da ranta ba.

Ɗinki ne ya kai Tela lambun koyo. An kawo masa wata doguwar raga ta yin inuwa ga ƙananan tsirrai, aka ce ya kalmashe bakinta. Da ya gama ya kai musu da kansa bayan tsohon sito na ƙarshen gari, ya tarar da wata mata mai furfura jefi-jefi, takalman roba a ƙafarta, tana yi wa mutane bayani a bakin ramin taki. Kowa Malama yake ce mata. Ya tsaya da niyyar ya ajiye raga ya juya, sai ya ji tana cewa ruwan wanke-wanke na ayaba ne, ɓawon ayaba na kaji ne, kashin kaji na ƙasa ne, kuma a lambun da aka tsara da kyau babu abin da ake kira shara. Tela ya ji kamar ya gamu da ’yan uwansa da suka ɓata. Ranar bai koma shago ba sai yamma.

Daga nan duk ƙarshen mako yana can. Ya koyi rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa don kada rana ta tsotse ta. Ya koyi cewa abin da za ka riƙa tsinka kullum a bakin ƙofa ake shuka shi, abin da ba ya bukatarka kuma ka kai shi can nesa. Amma darasin da ya tafi da imaninsa shi ne na ramin tare ruwa. Ana haƙa shi ne a kwance, ya ratsa gangare daga gefe zuwa gefe ba tare da wani ɓangare ya fi wani zurfi ba, ƙasar da aka fitar a tara ta kunya a gefen ƙasa, a yi shuka a kanta. Ruwa ya taho da gudu, ya faɗa ramin, ya rasa inda zai bi, sai ya zauna ya nutse a hankali. Tela bai bari an gama bayani ba ya ɗaga hannu ya ce yana da wurin da aka yi don wannan aiki.

Malama ta zo ta ga wurin wata safiya. Ta hau, ta sauka, ta tsaya ta daɗe tana kallon bayan ɗakin Yaya. Sannan ta karɓi diga ta haƙa ɗan rami har ya kai mata gwiwar hannu, ta ciro ƙasar ƙasan ta murza. Ta fito sumul, tana sheƙi.

“Ka ga wannan, Malam Tela? Yumɓu ne. Ƙasar sama tana shan ruwa, wannan ba ya sha. Idan ta saman ta ƙoshi ta yi nauyi, a kan wannan santsin take zaune.”

“Wato ba za a yi ba ke nan?”

“Za a yi, amma kada ka zurfafa. Kuma a ƙarshen can, wajen kwata, ka bar giɓi a jikin kunyar, mai faɗi, ka shimfiɗa masa duwatsu. In ramin ya cika, ragowar ta bi ta nan ta tafi. Ko me za ka manta, kada ka manta da wannan giɓin. Akwai mutum a ƙasanka.”

Ya ce ya ji. Kuma ya yi yadda ta ce, don Tela ba malalaci ba ne. Ya auna ramin da tef ɗinsa na ɗinki, ya ja layi da toka kamar yadda yake ja da alli a kan yadi, ya haƙa, ya tara kunya, ya dasa ayaba da gwanda da zogale, ya bar giɓin ya jera masa duwatsu.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, da rana aka yi shi. Tela ya rufe keke ya fito da buhu a ka, ya tsaya yana kallon ramin yana cika, bakinsa har kunne. Sai ruwan ya kai giɓin. Ya haura duwatsun, ya sulale, ya bi kwata ya tafi abinsa kamar yadda ya saba tun Tela yana yaro. Murnar ta koma ciki. Ya dubi kunyar nan, doguwa, miƙaƙƙiya, babu karkata ko ɗaya, sai wannan wuri guda a buɗe. Shi dai a idonsa ɓaraka ce, kuma tunda yake bai taɓa barin riga ta fita shagonsa da ɓaraka ba.

Bai yi gaggawa ba, ya kwana yana juya abin. Ya ce wa kansa Malama mace ce mai taka-tsantsan, irinsu kullum sukan ƙara wa magana gishiri don kada ɗalibi ya yi ganganci. Ya ce zai ɗan ɗaga bakin giɓin ne kawai, ba rufewa zai yi ba. Da safe ya jawo buhun ƙyallaye ya harhaɗa su, ya ɗinka ƙananan buhuna masu kala-kala, ya bi kowanne da ɗinki biyu, ya cika su da ƙasa ya ƙulle bakinsu da zare mai kauri. Ya jera su a giɓin ya daddanna da ƙafa. Da ya ja baya ya duba, sun yi daidai da kunyar cif, sai ya bar su haka.

Daga baya ya ƙara wa ramin zurfi. Ya kuma roƙi maƙwabtan sama su bar shi ya juyo bututun rufinsu zuwa filinsa, suka ce ya kwashe har da na baɗi.

Gaskiya lambun ya yi kyau, wannan ba a musu. Ayaba ta yi ganye fafaɗa, kabewa ta bi kunya ta rufe buhunan ruf, har ba ka ganin akwai wani abu a wurin. Masu kawo ɗinki sukan manta da abin da ya kawo su, su tsaya kallo. Duk yamma Tela yakan tsinko ganye ya gangara ya kai wa Yaya, ya zauna a bakin gadonta yana ba ta labari.

“Sai kin zo kin gani da idonki, Yaya. Ko goyo ne in yi miki.”

“Da waɗannan gwiwoyin? Kai dai Auta, in gonar taka tana son in gan ta, ta sauko.”

Suka yi dariya. Tana cikin dariyar ta ce, af, ƙofar nan tata ta fara yi mata gardama, sai ta sa kafaɗa take rufuwa. Ya ce damina ce, katako ya kumbura. Washegari ya aro abin fere katako ya rage mata ƙasan ƙofar, ta koma rufuwa lafiya.

Ba a jima ba ta sake cijewa, wannan karon daga sama. Ya sake ferewa. Yana tattara ɓarɓashin katakon ne ya lura da bangon baya, wanda gadon Yaya ke jingine da shi. Fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, kuma da ya dafa sai tafinsa ya jiƙe. Ta ce ai kwana biyu haka yake gumi, har ta matsar da matashinta. Ta ce tururuwa ma sun tashi daga gindin bangon, ta gan su da rana tsaka sun yi layi ɗauke da ƙwayayensu sun bi ta ƙarƙashin ƙofa. Tana faɗa tana gyara ɗankwali, ita ba ta ɗauke shi komai ba.

Da zai tafi ya zagaya ta bayan ɗakin. A gindin gangaren, inda tun tasowarsa ƙasa busasshiya ce ƙaƙas, ruwa ne ke tsattsafowa, garai-garai, yana bin tushen ginin. Ya tsaya yana kallon ruwan. Sai kuma ya tuna Malama ta taɓa cewa ƙasar da ta ƙoshi takan fitar da ɗan marmaro, ya riƙe wannan maganar da hannu biyu ya hau gida da ita. A hanya ya wuce sandunan shingensa, waɗanda ya kafa a tsaye cak, yanzu duk sun ɗan sunkuya suna kallon ƙasa. Ya miƙe guda biyu ya tokare su da dutse.

Matarsa ce ta fara cewa wani abu. Tana shanya ta ce, “Maigida, ni kuwa ayabar nan taka ruku’u take yi ne? Jiya ba haka na bar ta ba.”

“Nauyin ’ya’ya ne.”

“Har da waɗanda ba su haihu ba?”

Ya yi kamar ƙarar keke ta hana shi ji.

A ƙarshen makon, kamar da gangan, darasin Malama a kan karanta ƙasa ne. Ta ce ƙasa ba ta yin komai ba tare da ta yi gargaɗi ba, mutane ne ba sa saurare. Ta lissafo alamu tana tafiya tsakanin kunyoyi: itacen da ya karkata ba iska, ƙofar da ta cije, ruwan da ya fito inda bai saba ba. Ta ce wadda ta fi duka muni ita ce ka kwanta raminka cike, ka tashi ka tarar babu ruwa. In ka ga haka kada ka tsaya murnar ƙasa ta sha, ka kwashe mutane. Tela yana baya, ya ƙi yarda su haɗa ido da ita.

Da aka tashi ta tsayar da shi a bakin ƙofar lambun. “Malam Tela, yau ba ka yi tambaya ba. Giɓin nan yana nan a buɗe ko?”

“Yana nan, Malama.”

Da irin muryar da yake ce wa mai kaya saura maɓalli kawai ya faɗa, alhali ko yanka bai yi ba. Shekarun sana’a sun sa maganar ta fita sumul. Malama ta dube shi ɗan lokaci, ta ce za ta leƙo idan ruwan kwanakin nan ya lafa.

Ya koma gida da niyyar cire buhunan a ranar. Har ya ɗaga ganyen kabewa ya kama kunnen buhu ɗaya. Ramin cike yake taf, ruwan ya kwanta luf, hadari na yawo a cikinsa. Ya tuna layin jarkoki, ya tuna damina ta kusa ƙarewa, wannan ruwan shi zai riƙe ayabar har rani. Ya ce bari dai ya nutse tukuna, gobe in ramin ya ragu sai ya buɗe, don kada a yi asara. Ya mayar da ganyen ya rufe.

Goben ba ta zo da sauƙi ba. Aka shiga yayyafi marar ƙarfi marar yankewa, irin wanda ke hana wanki bushewa ya sa gishiri ya narke a gwangwani. Kwanaki ana abu ɗaya. Kullum Tela ya leƙa ta taga ya ga ramin cike, ya ce gobe. Tsoro yana nan a ƙirjinsa, ya san da shi sarai, amma ya iya zama da shi kamar yadda ya iya zama da ciwon bayansa.

Ranar da ruwan ya ɗauke, da hantsi, rana ta ɗan leƙo. Ya sa takalmi ya ɗauki fartanya ya ce yau kam sai ya cire su. Tun kafin ya isa ya ji wurin ya yi shiru da yawa, kwaɗin da suka dame su da kuka ko ɗaya ba ya motsi. Ya ƙarasa bakin ramin ya leƙa.

Babu ruwa. Laka ce kawai tana sheƙi, kuma a tsakiyarta, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙasa ta tsage. Ya durƙusa ya zura hannu a tsagar, hannun ya shige har kafaɗa bai taɓa komai ba. Yana durƙushe ya ga bakin tsagar na ɓangaren ƙasa ya ɗan ja baya, ɓurɓushin laka na zubawa ciki.

Bai san lokacin da ya gangara ba. Ya faɗi, ya tashi, takalmi ɗaya ya maƙale a laka ya bar shi. Ya zagayo gaban ɗakin ya murɗa hannun ƙofa ya tura, ko gezau.

“Yaya, buɗe.”

“Ai ba a kulle take ba,” ta ce daga ciki, muryarta a kwance. “Tun safe ta ƙi. Na ce in ka sauko ka zo da abin ferewar nan naka.”

Ya dubi saman ƙofar. Katakon da ke kanta ya sauko ya danne ta, ya lanƙwashe a tsakiya. Tagar kuma ƙarafa ne, mijinta ya sa su da kyau saboda ɓarayi.

“Ki matsa daga jikin gadon. Ki zo kusa da ƙofa, amma ki tsaya gefe.”

“Lafiya, Auta?”

“Ki dai matso, don Allah.”

Ya ɗaga fartanya ya sara. Katako mai kyau ne, marigayin bai yi ha’inci a komai ba. Ya sara, ya sake sara, har ƙotar ta tsage masa tafi. Matarsa ta ji ta fito tana kiran maƙwabta, wani ya kawo gatari. A tsakanin sara da sara Tela yana jin wani sauti daga bayan ɗakin, ƙasa-ƙasa, irin na yadi mai kauri idan ana yaga shi a hankali. Da allon tsakiyar ƙofar ya fita, Tela ya kutsa ta ramin. Yaya na tsaye da sandarta, ta sa mayafi kamar mai shirin unguwa, tana kallon bangon baya wanda ya yi ciki ya turo gadonta gaba. Ya juya ya durƙusa, ta hau bayansa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba shi tsoro.

Aka karɓe ta ta ramin ƙofar, ya sake goya ta ya tsallaka titi, ya zaunar da ita a bencin mai shagon da ke kallon gidan. Mutane sun taru, kowa na magana.

Gangaren bai rufto da gudu ba. A hankali ya taho, gaba ɗayansa, da kunyar da kabewar da sandunan shinge, har mutum zai iya tafiya a gefensa. Bangon baya ya shige ciki. Kwanon rufi ya yi ƙara ya durƙusa, bangon gaba ya buɗe ya kwanta a bakin titi. Sannan komai ya tsaya, sai ruwa ja da ya fito daga ƙarƙashi ya bi kwata. 

A daidai inda gadon Yaya yake, ayaba ce tsaye da nononta, ko ganye ɗaya bai karye ba.

Yaya ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi wa Tela sauƙi. Yana tsaye a gefenta da ƙafa ɗaya babu takalmi, jini na ɗiga daga tafinsa, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai.

“To, ta sauko,” in ji ta. “Na gan ta.”

Ba wanda ya yi dariya. Ta ɗaga haɓa ta nuna wani abu a saman tarin lakar, kusa da guntun bulo. Ƙaramin buhu ne mai kala-kala, cike tam, ruwa ya wanke shi fes.

“Wancan kuma na mene ne? Na ga ƙyallen tsohon zanena a jiki.”

Da ya so, da ya ce na taki ne, bakinsa ya saba. Ya buɗe baki maganar ta ƙi fita sumul.

“Hanyar da aka ce in bar wa ruwa ce, Yaya. Na toshe ta da su.”

“An ce ka bari?”

“An ce in bari. Saboda ke.”

Ta gyaɗa kai a hankali, idonta na kan buhun.

“Bai ɓarke ba kuwa,” ta ce. “Ka iya ɗinki.”

Ta yunƙura za ta tashi, ta lalubi sandarta, sandar tana can ƙarƙashin lambun. Tela ya miƙa mata hannu. Ta dubi hannun, sannan ta juya ta kama kafaɗar matarsa.